2520: Lambar da Ba Ta Barin Saura

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin watanda ya san inda gardama take ɓuya. Mutum goma sha biyu sun haɗa kuɗi ana gobe sallah, an sayo sa, an kayar, an feɗe. Mahauci ya baje buhuna ya shiga kasa nama: tsoka ta bi tsoka, ƙashi ya bi ƙashi, hanta da tumbi da kitse kowane kashi ya sami nasa. Har zuwa nan raha ake yi. Can sai a ga 'yar tsoka guda ta rage a gindin wuƙa, ba ta kai a yanka ta gida goma sha biyu ba, ba ta kuma ƙanƙance har a kau da kai daga gare ta ba. Sai ka ji muryoyi sun sauya. Wani ya ce a bar wa mahauci, wani ya ce ai an biya shi ladansa, wani dattijo ya ce a miƙa wa almajiri kowa ya huta. Sa guda bai haɗa mutane faɗa ba, ɗan saura ne ya so haɗa su.

A Kurmin Kogi da sauran garuruwan ƙasar Ikara, har zuwa Makarfi da Kudan, rabo ba ya yankewa daga safe har dare. Kuɗin ƙwadago tsakanin waɗanda suka yi huɗa tare, kwandunan tumatir tsakanin mai fadama da mai injin ban ruwa, damman rake, buhunan masara, kuɗin motar da aka ɗauka shata a haɗe. Manomin da bai taɓa riƙe alli ba ya san lambobi ba halinsu ɗaya ba. Ka ba 'yan ƙwadago uku naira 12,000, kowa ya soke 4,000 a aljihu ya kama gabansa. Ko su huɗu ne ko shida, haka za a rabu lafiya. Amma ka ba mutum ukun nan 10,000, sai a tsaya cirko-cirko ana neman canji, ƙarshenta dai wani ya ce ya yafe. Goma ta fi tara yawa, amma a hannun mutum uku tara ta fi goma zaman lafiya.

Yaro a aji yakan ce uku ta shiga goma sha biyu sau huɗu, biyar kuwa ba ta shiga ba. Tunda ana shiga, ashe lamba gida ce mai ƙofofi, kuma duk lambar da ta raba ta daidai ba saura, ƙofa ce. Da wannan suna zan ci gaba da kiransu. Goma tana da ƙofa huɗu: 1, 2, 5 da 10. Goma sha biyu, wadda da biyu kacal ta ɗara goma, tana da shida: 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Ƙofar da kowa ke fara dubawa ita ce biyu. Wadda biyu ta shiga mu ce cika, wadda ta ƙi mu ce mara, ko kuwa shafa'i da wutiri kamar yadda bakinmu ya saba a sha'anin sallah.

Almajiri ya riga ɗan boko sanin lamba mai yawan ƙofa, ko da bai kira ta da wannan suna ba. Alƙur'ani izu 60 ne. In an taru za a yi sauka a zama ɗaya, ko masu karatu biyu ne, ko uku, huɗu, biyar, shida, goma, sha biyu, sha biyar, ashirin ko talatin, kowa zai ɗauki daidai abin da ɗan'uwansa ya ɗauka. Sittin ƙofa 12 ke gare ta. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, a kan sittin suka gina lissafinsu shekaru wajen dubu huɗu da suka wuce, kuma gadonsu ne minti 60 ɗin da ke cikin agogon hannunka. Sai dai sittin ba ta karɓar bakwai, ba ta karɓar takwas, ba ta karɓar tara. In ka haura zuwa 360, ƙofofi sun zama 24, takwas da tara sun sami hanya, bakwai kaɗai aka bari a waje. To ninka 360 sau bakwai. Ga ka a 2520.

Wannan ita ce lamba mafi ƙanƙanta da ɗaya zuwa goma duk suke shiga ba saura. Rabinta 1260, sulusinta 840, rubu'inta 630, humusinta 504, sudusinta 420, subu'inta 360, sumuninta 315, tusu'inta 280, ushurinta 252. Ba banza na jero waɗannan sunaye ba. Larabci yana da kalma guda ga kowane kaso daga rabi zuwa ushuri, su tara ke nan, daga nan sai ya tsaya. Ɗaya bisa goma sha ɗaya ba shi da suna, sai dai a kewaya a ce juzu'i ɗaya daga cikin goma sha ɗaya. Saboda haka malaman hisabi suka ɗauki waɗannan tara a matsayin kasonnin da harshe ke iya furtawa, suka ɗauki 2520 a matsayin matattararsu. Mun aro wasu daga cikin sunayen har sun zama namu: rubu'i da sulusi suna bakin kowa, sumuni yana bakin gardi, ushuri yana bakin mai fitar da zakka. Humusi da tusu'i dai sun maƙale a littafi.

Akwai labarin da ake jinginawa ga Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, cewa an tambaye shi lambar da ta haɗa kasonnin nan tara, ya ce wa mai tambaya ya ninka kwanakin mako da kwanakin shekara. Bakwai sau 360. Wasu sukan faɗe shi ta wata hanya: kwanakin mako, sau kwanakin wata, sau watannin shekara, wato 7 sau 30 sau 12. Ingancin ruwaya aikin malaman hadisi da tarihi ne. Lissafin kuwa kowa na iya gwada shi da tsinke a ƙasa, zai same shi daidai.

Ita 2520 ƙofa nawa ke gare ta gaba ɗaya? Mai haƙuri yana iya bin lambobi ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa har ya kai ƙarshe, amma akwai gajeriyar hanya. A yi ta farfasa lambar har sai an kai ga waɗanda ba su fasuwa: 2520 ita ce 2 sau 2 sau 2, sau 3 sau 3, sau 5, sau 7. Kowace ƙofa daga cikin waɗannan ake haɗa ta. Wajen biyu-biyun nan kana da zaɓi huɗu: ka ƙi ɗauka, ko ka ɗauki ɗaya, ko biyu, ko duka ukun. Wajen uku-uku zaɓi uku ne. Biyar, ko ka ɗauka ko ka bari, zaɓi biyu. Bakwai ma haka. Sai ka ninka zaɓin: 4 sau 3 sau 2 sau 2. Ƙofa 48. Kuma bibbiyu suke tafiya, kowace da abokiyar da in an ninka su za su maido da uwar: 1 da 2520, 2 da 1260, 40 da 63, 42 da 60, har a zo kan 45 da 56 waɗanda suka fi kusa da juna.

Yanzu auna ta da miliyan, wadda ambatonta kaɗai ke sa mutum gyara zama. Miliyan ɗaya, in an farfasa ta, biyu ne sau shida da biyar sau shida, ba komai kuma. Ƙofofinta 7 sau 7, wato 49. Ta ninka 2520 kusan sau ɗari huɗu, amma da ƙofa ɗaya tal ta ɗara ta, ita ma ɗayar don 1000 ce ba ta da abokiya, da kanta ake ninka ta. Ga shi kuma uku ba ta shiga miliyan, balle shida da bakwai da tara. 'Yan'uwa uku da suka sami miliyan ɗaya sai sun yi saura. Ƙasa da miliyan ɗin kuwa akwai 720,720, mai ƙofa 240, wadda duk lambobi daga 1 zuwa 16 ke shiga. Ni dai a wurina sifili shida a jere ado ne kawai. In zancen rabo ake, 720,720 ce attajira.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maƙwabtan 2520. Ƙara mata ɗaya, ka sami 2521. Biyu ba za ta shiga ba, za ta bar saura ɗaya. Uku ma haka, har zuwa goma, kowace ta bar ɗaya. Ka ci gaba da gwadawa, 11, 13, 17, har 47, babu mai shiga. Ƙofa biyu ke gare ta, ɗaya da ita kanta. Irin waɗannan, da su 2, 3, 5, 7, 11, 13, bari in kira su gagara-rabo. Koma ɗaya gefen, 2520 gaira ɗaya, wato 2519. Ita kuma raba ta goma saura tara, raba ta tara saura takwas, raba ta takwas saura bakwai, haka har zuwa biyu saura ɗaya. Kullum kamar za ta cika sai ta gaza da guda. Ƙofofinta huɗu: 1, 11, 229 da ita kanta. Malaman hisabi na Larabawa suna da suna ga lambar da ba ta da ko ɗaya daga kasonnin nan tara. Sukan ce asammu, wato kurma: ka kira ta da rabi ba ta amsa ba, ka kira ta da ushuri ba ta amsa ba. Lamba mafi sakin fuska a unguwar, kurame biyu ne suka saka ta a tsakiya.

Dabarar nan ta ƙara ɗaya tsohuwa ce. Uƙlidis, wanda ya koyar a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da ita ya tabbatar da cewa gagara-rabo ba su da iyaka. In wani ya ce ya tattaro su duka, a ninka su gaba ɗaya a ƙara ɗaya. Sabuwar lambar babu ɗaya daga cikinsu da za ta shige ta, ke nan akwai wata da aka bari a baya. Har yau ana farautarsu. A watan Oktoba na 2024 aka gano wata mai tsawon alƙaluma 41,024,320.

Kada a ce wasan marasa aiki ne. In na ce maka ninka 11 da 229, kafin shayi ya huce ka ba ni 2519. In kuwa 2519 na miƙa maka na ce nemo waɗanda suka haife ta, sai ka yi ta gwaji. A 1977 wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka mayar da wannan bambanci makulli: a ninka manyan gagara-rabo biyu, a bayyana sakamakon ga duniya, a ɓoye su biyun. A 2020 an yi nasarar farfasa irin wannan lamba mai alƙaluma 250, bayan aikin da ya yi daidai da a ce ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ta shekara 2,700 tana yi. Makullan da aka fi amfani da su yau alƙaluma 617 ne. Wani ɓangare na tsaron katin banki da na intanet a kan wannan ya dogara. Mai POS da ke zaune a bakin kasuwar Makarfi yana cin moriyar lambar da ta ƙi rabuwa, yayin da dillalin rake da ke gefensa yake fatan wadda za ta rabu.

Masu son yawan ƙofa ma suna da nasu manya. Aflatun na Girka, cikin littafinsa na dokoki, ya ba da shawarar a kafa gari da gidaje 5040, wato 2520 sau biyu, don a iya kasa jama'a ta kowace fuska, ko don yaƙi ko don haraji. Ƙofarta 60, kuma daga 1 zuwa 12 goma sha ɗaya ce kaɗai ba ta shiga. A 1915 Ramanujan ɗan Indiya ya wallafa dogon nazari kan lambobin da kowace ta fi duk na ƙasa da ita yawan ƙofa. 12 da 60 da 360 da 2520 da 5040 duk suna cikin jerin. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, shi kuma lambobi masu ƙaunar juna ya bi: tara ƙofofin 220 ban da ita kanta, ka sami 284, tara na 284, ka koma 220. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara lambobi cikin gidajen hatimi har kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da jimilla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yanzu. Mu a nan mun fi kallon hatimi ta fuskar asiri, sai muka manta lissafi ne tsagwaronsa a ƙarƙashi.

Kuɗinmu ma sun sha sauya ƙofofi. Zamanin wuri, yatsun hannu ne ke mulki. Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851, ya ga ana ƙirga wuri biyar-biyar, ana tara su ɗari biyu-biyu ko dubu-dubu, ana ɗurawa a jaka 20,000, kuma wuri 2,500 ne ke sayen dala guda ta azurfa. Duk waɗannan 'ya'yan biyu da biyar ne, uku ba ta da wurin zama a cikinsu. Sai dai wuri ƙanƙanen kuɗi ne, in an yi saura ɗaya ba wanda zai ɗaga murya. Da Turawa suka kawo fam, sai ga sule 20, kowane sule kwabo 12, fam guda kwabo 240. Dattawanmu suna tuna wahalar wannan lissafi a makaranta, da taro da sisi da nai da ahu, amma 240 tana da ƙofa 20. Sulusin fam sule shida ne da kwabo takwas cif. Sudusinsa sule uku da kwabo huɗu. Sumuninsa sule biyu da sisi. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo da kwabo 100, fam guda ya koma naira biyu. An sami sauƙin rubutu da tarawa, wannan gaskiya ne, amma ƙofofi sun sauko daga 20 zuwa 9, aka kuma toshe ta uku. An buga rabin kwabo a lokacin, don haka sumunin naira yana biyuwa. Sulusinta kuwa tun ranar farko ba ya biyuwa. Yau da kwabon kansa ya ɓace daga kasuwa, sai yafiya ta maye gurbinsa.

Na kawo zancen fam ne don 240 ita ce 24 sau goma, kuma 24 ita ce lambar da ta fi kowace shiga gidajenmu, a ranar da ba mu so. Ina nufin rabon gado.

Kasonnin da Alƙur'ani ya yanka wa magada a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Har tsohuwar da ba ta san baƙi ba ta san tumunin takaba, wato sumuni, ta san kuma in kishiyoyi huɗu ne, tumunin guda ɗaya za su raba. Mai rabon gado kafin ya taɓa dukiya sai ya nemo abin da malamai ke kira asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da duk kasonnin da suka haɗu a gidan za su shiga. Bakwai ne asalan da aka sani: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. In sumuni ya haɗu da sudusi, 24 ce ke sulhunta su. Don nemo ta, littattafan fara'ila sun kasa dangantakar kowace lamba biyu gida huɗu. Ko dai su zama iri ɗaya, a ce tamasuli. Ko ƙaramar ta shiga babbar, kamar 4 da 8, a ce tadahuli, wanda shi ne shigar nan da yaro ke faɗa a aji. Ko su yi tarayya a wata ƙofa, kamar 6 da 8 da suka haɗu a biyu, a ce tawafuƙi. Ko kuwa ba abin da ya haɗa su sai ɗaya, kamar 3 da 8, a ce tabayuni. Wanda ya karanci babin gado a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya wuce zuwa Muhtasar na Halil, ya gamu da ilmin ƙofofin lamba ne a zaure, ko da bai taɓa taka aji ba. Shi kansa Alhawarizmi, wanda daga sunan littafinsa na wajen shekarar 820 aka sami kalmar aljabara, babban yanki na littafin nan matsalolin gado da wasiyya ne. Abin takaici, ɗalibin sakandare a Ikara yana haddace dabarar nan da Turanci kamar baƙon abu, alhali malamin da ke yin ta da tawada da allo yana bayan gidansu. Da su biyun za su zauna zama ɗaya, kowa zai ƙaru.

Wani lokaci ba saura ake yi ba, gibi ake yi. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba uba. Miji yana da rabi, su suna da sulusi biyu. Asali 6: miji 3, su 4. An nemi 7 daga cikin 6. An ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar aka fara karo da irin wannan, ya yi shawara da sahabbai, aka mayar da asalin 7, ragi ya shafi kowa gwargwadon kasonsa. Wannan shi ne auli, kuma a kansa mazhabobi huɗu suke, ko da yake Ibn Abbas yana da ra'ayi dabam. Shida takan hau zuwa 7, 8, 9 ko 10. Goma sha biyu zuwa 13, 15 ko 17. Ashirin da huɗu sau ɗaya take hawa, zuwa 27. Wannan ta ƙarshe ita ce mas'alar mumbari da ake dangantawa da Sayyidina Ali: mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. 3 da 16 da 4 da 4, jimilla 27, sai sumunin matar ya koma tusu'i. Abin da nake gani a auli shi ne ƙin kashin dankali. Da an ga dama a biya na farko a cike a bar na ƙarshe da abin da ya rage. Sai aka sauya lambar don kada babba ya danne ƙarami.

Hausa da kalma ɗaya take kiran abin da lissafi ya ba ka da abin da Allah ya rubuta maka. Mukan ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, mukan kuma ce an yi rabo an ba kowa rabonsa. A wurin gado ma'anonin biyu suke haɗuwa, don ba wanda ya zaɓi yawan 'yan'uwansa, alhali yawan nan shi ke yanke masa kaso. Ɗauki misali, ba na wani gida takamaimai ba. Magidanci ya rasu ya bar mata huɗu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza shida, mata bakwai. An biya bashi, an zartar da wasiyya. Asali 24: mata 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Uku ba ta rabuwa ga mata huɗu. 'Ya'ya kuwa namiji kai biyu ake lissafa shi, mace kai ɗaya, ke nan kawuna 19, ga kaso 17. Gagara-rabo biyu sun yi karo, tabayuni tsantsa. Da a ce maza biyar ne, kawuna 17 ne, sai a ce kowane kai ya ɗauki ɗaya. Ɗa guda ya sauya lissafin gidan duka. Sai malam ya yi abin da ake kira tas'hihi: 4 sau 19 ya ba da 76, 24 sau 76 ya ba da 1824. Yanzu kowace mata tana da 57, uwa 304, kowane ɗa 136, kowace 'ya 68, ba saura. In an ƙiyasta gona da gida da shanu a kan naira 9,120,000, kowane kaso ya tashi 5,000: mata 285,000 kowace, uwa 1,520,000, ɗa 680,000, 'ya 340,000.

Ga inda manyan lambobi ke fitowa a ƙauye, ba tare da kowa ya je nemansu ba. Gona ba ta yankuwa gida 1824, shi ya sa ake yi mata ƙima, wani ya sayi kason wani, ko a haɗa 'yan ɗaki ɗaya a yanki ɗaya. Amma ko da wannan wahala, 1824 lamba ce da malami zai warware tsakanin azahar da la'asar.

Matsala takan faro ne daga kunya. A ce ba a so a taɓa kayan mamaci da wuri, ko babban wa ya ce a bari yara su girma, ana noma gonar a haɗe shekara tana bin shekara. Mutuwa kuwa ba ta jira a yi rabo. Tsohuwar nan mai kaso 304 ta rasu, ta bar nata 'ya'yan, maza biyu mata uku, kawuna bakwai. Bakwai ba ta shiga 304, dole a ninka mas'alar duka sau bakwai: 12,768. Wannan shi ne munasaha, gado a kan gado. Bayan wasu shekaru ɗaya daga cikin 'ya'ya maza shida ya bi ta, ya bar mahaifiyarsa da matarsa da yara uku, maza biyu da mace. Tasa mas'alar daga 24 ta hau 120, kasonsa kuwa a lokacin ya zama 952. Sa'a ɗaya, 952 da 120 sun yi tawafuƙi a takwas, don haka sau 15 za a ninka maimakon sau 120. Duk da wannan rangwame, lambar ta kai 191,520, mai ƙofa 144. Mutuwa biyu kacal aka ƙara, lissafin ya ninka sau 105. A takarda har yanzu yana fita daidai, kowa da kasonsa ba saura. A ƙasa kuwa shaidun da suka san iyakar gona sun fara ƙarewa, wani ya dasa mangwaro, wani ya gina ɗaki, wani ya jinginar da fadama, 'ya'ya mata da suka yi aure a Hunkuyi ko Zariya an fara yi kamar an manta da su. Irin waɗannan ne ke cika zauren dagaci da kotunan shari'a, har zumunci ya lalace a kan abin da da farko tawada da alƙalami za su iya gamawa.

Saboda haka kirana ga magidanta da masu unguwanni da limamai a Kurmin Kogi da kewaye shi ne: da zarar an share makoki an tantance bashi, a kira masanin fara'ila, a yi ƙima a gaban shaidu, a rubuta kason kowa, mace da namiji, a ba kowane ɗaki takardarsa. In magada sun ga dama su ci gaba da noma tare bayan haka, ba laifi, amma kowa ya san lambarsa tun tana 1824.